Masu Sayen Kunnen Malam Garba

Shafi na 31

Masu yi mini tsiya a ƙarƙashin shafin jiya wai na tsani Bashiru, wallahi ban tsane shi ba. Ku karanta na yau tukuna. Ni dai sau uku ina fara rubuta shi ina ajiye wayar.

*

"Ba za a sayar ba, Yaya."

Ko sallama Maimuna ba ta ƙarasa ba ta jefa maganar. Tun daga tashar Tsafe take nanata ta a ranta, har mota ta sauke ta a Gusau, har ɗan kabu-kabu ya kawo ta unguwar Damba cikin yayyafin safiyar Asabar.

Yayanta Bashiru yana tsugune a tsakar gida yana goge rikodar mahaifinsu da auduga. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Lafiya lau muka kwana, Malama. Ya yaran makaranta?"

"Kar ka yi mini haka. Na ce ba za a sayar ba."

"To ki shiga ɗakin can ki gaya wa fumfuna. Ita ke cin kayan, ba ni ba."

Maimuna ta san gaskiya ya faɗa.

Ai duk wanda ya zauna Gusau a shekarun nan ya san Malam Garba Mai Kunne. Sama da shekara talatin yana yawo da rikoda rataye a kafaɗa: gayyar noma, filin dambe, bikin mahauta, rugar Fulani, ba inda bai shiga ba. Mutum zai zo da guntun kiɗa da ya maƙale masa a ka, ya ɗan rera ko ya ƙwanƙwasa a kan benci, Malam Garba ya ce masa wane ne, ɗan ƙauye kaza, a bikin wane, sannan ya miƙa hannu ya zaro kaset ɗin. Kaset ya fi dubu uku, kuma ko ɗaya ba rubutu a jikinsa. Tun da wasu 'yan kasuwa suka taɓa sace masa masu suna suka buga suka sayar, ya rantse biro ba zai sake taɓa kayansa ba. Komai a kansa yake, da kuma yadda ya jera su.

Sai bara ruwan sama ya yaye kwanon ɗakin. Maƙwabta, Allah ya saka musu, suka kwashe kayan a buhuna. Jerin shekara talatin ya cakuɗe cikin rabin awa.

Yanzu kuma, daminar 1999, ga wani kamfanin kwamfuta daga Legas ya aiko. Wai suna son koya wa na'ura abin da Malam Garba yake yi: a kunna mata kiɗa, ta faɗi mai shi. Za su sayi kasetocin duka, shi kuma ya zauna ya gaya musu sunan kowa. Yau wakilinsu zai zo ya gwada shi.

"Yaya, injin me zai san kiɗan noman ƙauyen Wanke?" in ji Maimuna. "Ya taɓa riƙe fartanya?"

"Bai taɓa ba. Amma injin ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Baba fa ya haura saba'in."

"Sai mu kai mutanen ƙauyukanmu Legas a buhu kamar albasa?"

"Gara a kai su Legas da a kai su juji." Sai yanzu ya ɗago. "Kin leƙa buhun da ke jikin bango? Na zaro goma shekaranjiya, huɗu zarensu ya manne. In aka ƙara damina ɗaya, ba abin da zai rage. Ga kuma maganganun da ake ta yi a gari wai za a hana kiɗa. A sakatariya ina jin su kullum. Wa ya san gobe?"

"Mu gyara ɗakin mana."

"Mun gyara. Danshi ya riga ya shiga kayan. Ke kina Tsafe gidan mijinki, ni ina ofis daga safe har la'asar. Wa zai zauna da su? Mutanen nan suna da na'urar da za ta kwafe komai kafin ya lalace. Mu me muke da shi? Auduga?"

Ya ɗaga audugar da ke hannunsa ya nuna mata. Abin ya so ba ta dariya, amma hawaye suka riga.

"Inna tana ciki," ta ce.



Inna Hajjo, mahaifiyarsu, 'yar wata ruga ce can bayan Kekun Waje a ƙasar Bunguɗu. Ta rasu Maimuna tana da shekara biyu, Bashiru yana da tara. Ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta hoto ba. Abu ɗaya ta bari a duniya ban da su biyun: wata rana Malam Garba ya lallaɓa ya ɗauki muryarta tana waƙa. Ya ce ko minti biyu ba ta kai ba kunya ta kama ta, ta yi shiru. Tun Maimuna tana ƙarama take roƙonsa ya kunna mata, shi kuwa kullum sai ya kau da kai ya ce, "Wata rana, Munari. Zuciyata ba ta shirya ba." Tana nan tana jiran wata ranar har ruwa ya zo ya cakuɗa komai.

"Shekara ashirin da tara gare ni, Yaya. Ban san muryar uwata ba. Ko a mafarki in ta zo, bakinta kawai ke motsi. Kana so a loda ta a mota a tafi da ita ban ji ta ba?"

"Ai shi ya sa nake son cinikin nan," ya ce a hankali. "Dole Baba ya saurari kowane kaset ya faɗi mai shi. In ya zo kan nata, sai mu cire. Na riga na yi wannan tunanin, Maimuna. Ni ma uwata ce."

"Ba zai zo kan nata ba."

"Don me?"

Ta waiga ƙofar zaure, inda take jin motsin mahaifinsu. Sati guda ke nan maganar tana cin ta, ko mijinta ba ta gaya wa ba.

"Baba ba ya ji."

"Kunnen tsufa ne, kowa ma..."

"Yaya, ba ya ji ko kaɗan. Waccan Asabar ɗin faranti ya suɓuce mini a bayansa, kaji suka watse, shi ko gezau. Na kira shi sau biyar. Sai da na zagayo gabansa ya ce, 'A'a, Munari, yaushe kinka zo?' Bakin mutum yake kallo. Ka lura yanzu ba ya yarda a yi masa magana yana ba da baya?"

"Ke dai kin cika tsoro. Jiya-jiya a gabana wani ya kawo kaset, Baba ya gane kalangun kafin mutumin ya zauna."

"Ina hannunsa yake?"

"Hannunsa kuma?"

"Lokacin da yake saurare. Ina ya ɗora hannunsa?"

Audugar ta faɗi cikin ruwan da ya taru a ƙasa.

"A kan sifika," ya ce.

"To da tafin hannunsa yake ji. Bugun ganga ke shiga masa ta nan, ya gane hannun makaɗin. Amma Inna ba da ganga ta yi waƙarta ba. Murya ce zalla. Ko an kunna masa yau, ba zai san ita ce ba."

Innalillahi. Bashiru ya zame ya zauna daɓas a kan simintin da ke jiƙe, da farar shaddarsa ta karɓar baƙi. Maimuna ba ta taɓa ganin fuskar yayanta haka ba, sai tausayinsa ya kama ta ya danne haushin da ta taho da shi.

"Saura kai," ta ce. "Kai ka san ta. Mu hana cinikin, ka riƙa saurare ko goma-goma ne a rana, har ka same ta."

Ya girgiza kai.

"Yaya..."

"Na manta, Maimuna."

"Ka manta me?"

"Muryarta. Ina tuna hannunta. Ina tuna ƙamshin man shanu a zaninta. Amma murya, wallahi na neme ta a kaina na rasa. Na daɗe ina jin kunyar gaya miki. Ko ta yi magana a bayana yanzu, ban jin zan waiga."

Idan aka sayar, Inna ta tafi Legas ba suna. Idan aka ƙi, fumfuna ta cinye ta a ɗaki. Maimuna ta juya lissafin nan ta kowace fuska, ba ta ga ƙofa ba.

"Kuma in mutanen nan suka gane ba ya ji?" ta tambaya.

"Za su tafi. Me za su yi da kaset dubu uku ba suna?"

"To mu ɓoye musu ke nan?"

"Ban sani ba. Wallahi yau ban san komai ba."

Sai ga Malam Garba ya fito daga zaure, ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, rungume da wani kwando. Fuskarsa fal fara'a, rabon da su gan shi haka tun kafin ruwan bara.

"Munari! Kin iso? Madalla. Yau za ki ga yadda ubanki ka koya ma injin Turawa karatu." Ya dubi Bashiru, wanda bai taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne. "Kai kuma Babba, mi ya zaunar da kai cikin ruwa? Tashi ka kai rikoda zaure."

Maimuna ta durƙusa ta gaishe shi, ta tabbatar yana kallon bakinta.

"Baba, mene ne a kwandon?"

"Fanko na. Mutanen Legas sunka ce in fid da waɗanda ba komi ciki kahin su zo. Sati ukku ina wanga aiki. Ashe haka ni tara fanko ban sani ba! Ko wane buhu sai in samu ashirin, talatin."

"Ya kake yi da su?"

"Ai kin san ni da tsari. In na samu fanko sai in mai da shi farko, in danna jan maɓallin ɗauka, in yi bisimilla, in faɗi rana da wata, in ce fanko na, don kada shi sake ruɗa ni. In sun taru Shu'aibu maƙwabci shi kwashe, shina ɗaukar wa'azi a kansu. Ka ga ba a yi asara ba, ga lada."

Bashiru ya yi murmushin dole. Kowa ya san Baba in ya kama bayani a gaban rikoda, sai ya yi wa iyaye da kakanni addu'a kafin ya saki maɓalli.

Wani abu ya ɗan soki Maimuna a ƙirji, ba ta san ko mene ne ba. Ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai hon ɗin mota ya karaɗe ƙofar gida. Ita da Bashiru suka zabura. Malam Garba kuwa yana nan yana gyara hula, sai da ya ga sun juya sannan shi ma ya juya.

*

Wakilin kamfanin Injiniya Abdulsamad ne, mutumin Kaduna, mai sanyin magana da ladabi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka jawo buhu guda na kaset, aka ajiye rikoda a gaban Malam Garba. Bashiru ya zauna gefe da butar shayi.

Maimuna, da yake matar aure ce ga kuma baƙo namiji, sai ta tsaya can ƙofar cikin gida bayan labule, ta ɗan ɗage shi yadda za ta riƙa gani.

"Baba, ba jarrabawa ba ce," in ji Injiniya. "Manyana ne suka ce sai na gani da idona. Zan sa hannu in zaro duk wanda Allah ya ba ni, guda uku kacal."

"Zaro ɗari in kana so, ɗana."

Na farko ya shiga. Malam Garba ya ɗora tafinsa a kan sifika kamar mai jin zafin jikin yaro, ya lumshe ido. Gangar noma ta tashi.

"Tunau Gajere na Wanke," ya ce tun ba a je ko'ina ba. "Gayyar gonar Sarkin Noma, shekarar da fari ya ci gero. Ka ji yadda hannun hagu ka jan baya? Ƙaho ya taɓa soke shi nan."

Injiniya ya kama baki, ya hau rubutu da sauri.

Na biyu kalangu ne.

"Mahautan Bunguɗu. Ba uban ba, ɗan. Uban ba shi gaggawa haka."

"Ikon Allah!" in ji Injiniya. "Baba, na'urarmu ko a shekara goma ba za ta kamo ƙafarka ba."

Malam Garba ya yi dariya har da buga cinya. Maimuna ta ji alfahari da baƙin ciki sun haɗe mata wuri ɗaya. Saura ɗaya. A ranta tana roƙon Allah ya sa ganga ce, kuma tana jin kunyar roƙon.

Injiniya ya tura hannu can ƙasan buhu ya zaro wani tsohon kaset mai rawaya-rawaya, ya hure ƙurar jikinsa, ya miƙa.

Malam Garba ya saka, ya danna, ya ɗora hannu.

Da farko shuuu kawai ake ji. Sai kukan maraƙi daga nesa. Sai sautin nono yana zuba cikin ƙwarya, tsir, tsir. Sannan wata siririyar muryar mace ta taso a hankali, tana rera wani abu da Fulatanci kamar mai lallashin saniya. Ba ganga, ba tafi. A tsakiya ta ɗan yi dariya, ta ci gaba.

Maimuna ba ta jin Fulatanci. Ita idonta yana kan mahaifinta. Ta ga ya matsa tafinsa. Ta ga ya sauya hannu. Ta ga ya ƙara murya har ƙarshe, ya jira, ya jira.

Ya buɗe ido ya yi tsaki.

"Ka gani ko? Wani ya tsere man. Fanko na."

Ya kashe, ya danna maɓallin mayarwa baya. Zare ya fara juyawa, wiii.

"A'a Baba, ai akwai murya a ciki," in ji Injiniya. Amma kan Malam Garba yana sunkuye a kan rikoda, bai ga bakinsa ba.

Nan ne abin da ya soki Maimuna ɗazu ya fito mata fili. Kwandon nan! Ashirin, talatin a kowane buhu! Ba fanko ba ne. Sarewar makiyaya ce, da waƙoƙin reno, da tsofaffin da suka rera da baki kawai, duk wanda bai zo da ganga ba. Sati uku Baba yana goge su da hannunsa, yana miƙa wa Shu'aibu.

"Yaya!" ta kira daga bayan labule. "Yaya, riƙe hannunsa!"

Bashiru bai motsa ba. Butar shayin tana karkace a hannunsa, shayi yana zuba a kan tabarma, yana bin ƙafarsa, bai ma san yana zuba ba. Idanunsa a kafe kan rikodar, hawaye suna gangarowa har cikin gemunsa.

Zare ya kai farko ya tsaya. Malam Garba ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗora yatsu biyu a kan maɓallan.

"Maimuna," in ji Bashiru, da wata murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba. "Inna ce."

Ta yaye labulen ta afka cikin zauren, ba mayafi, ba kunyar baƙo. Taku shida ne tsakaninta da rikodar. Tana na biyu ta ji ƙarar jan maɓalli ya shige.

Ƙas.

"Bisimillahi," in ji Malam Garba, yana murmushi. "Garba na. Yau Asabar. Wanga fanko na, ba kowa ciki."